Harbin Fari Na Mai Zubi Ne

Jiya ma ɗayanku ya sake faɗa, wai zubin harsashi ai narka dalma ne a gwangwani a tsiyaya a rami, ko mai tuyar masa za ta iya. Na ji shi sarai, na yi shiru ne don bakina da goro. To yau babu goro, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ku masu walda gani kuke duk abin da wuta ta taɓa naku ne. Ni Ummaru Bahago, nan Ƙofar Rini anka haife ni, nan na tsufa ina zuba wa tsofaffin bindigogi harsashi. Wanga hannu na dama da kuke satar kallo in ina alwala, ba mota ce ta taka shi ba, sana'ar da kuke rainawa ce ta karɓi rabonta.

Bindigogin da nake magana ba irin waɗanda ɓarayin daji ke ratayawa yanzu ba ne. Tsofaffi ne masu cin harsashi ɗaya tak. A buɗe ta baya, a saka, a rufe. In ka harba ka zare kwanson tagulla ka jefa aljihu, don shi za a sake cikawa. Tun zamanin Turawa sunka shigo hannun mutanen garin nan, akasari fataken shanu da manyan mahauta, kowa da takardarsa ta izini. Masu ƙera su kuwa sun daina yi musu harsashi tun ban san kaina ba. In babu mai zubi, bindiga irin wannan sanda ce kawai mai nauyi.

Kuma ba farauta ake yi da su ba. Mahauci zai shiga daji neman nama? Da rani, in an tashi kasuwa, dattawa kan fita wani kwazazzabo bayan gari, su kafa allon kafaɗar bijimi wanda rana ta busar ya yi fari fat, su ja da baya har sai ya koma kamar ɗan faifai, sannan a yi ta gwada hannu. Wanda ya fasa allo a yi masa kirari. Wanda ya kuskure, wayyo, tsiya har ƙofar gidansa, har matarsa sai ta ji labari kafin ya cire takalmi.

Wurin Baba Nomau na koya, maƙeri ne, Allah ya ji ƙansa, mutum mai faɗan tsiya. Na daɗe ina fama da zuga-zugi kafin ya bari in taɓa ludayin zubi. Ranar da ya bari, ya ga na ɗauka da hagu, ya make min ƙeya. Ya yi duka, ya yi zagi, ya ɗaure min hannun da tsumma, duk a banza, daga baya ya gaji ya laƙaba min sunan ya huta. Zubina na farko na cika ƙwarya, na kai masa ina washe baki. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a rana, ya ce, "Wanga mi na? Harsashi ko huskar kakarka?" Duk ya yamutse, don ban bari mazubi, wato ƙarfen da ake tsiyaya dalmar a ciki, ya ɗauki zafi ba. Ya juye ƙwaryar gaba ɗaya cikin kasko, ya ce in koma zuga.

Dalma ma ba kowace ba. Wurin masunta muke saye, tsofaffin nauyin da suke ɗaura wa taru. Ka sa farce ka karce, in ya shiga ta yi. Ka sake ta bisa uwar maƙera, in ta yi ƙara kamar kwabo akwai algus a cikinta, ka ajiye gefe. Ta batirin mota da kuke ta zumuɗinta, Baba Nomau ko ƙofar maƙerarsa ba ya bari a shigo da ita, hayaƙinta kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Ruwa kuwa abokin gaba ne. Ɗigon gumi ɗaya ya faɗa kasko, za ka san ka taɓo ta. Ga tabon nan a wuyana, ku matso ku gani in kuna so.

Kowace bindiga da mazubinta, kamar yadda kowace ƙafa take da takalminta. Mazubin yana zama wurin mai zubi, rataye a bango da igiyar fata, da sunan mai bindiga muke kiransa. In na zuba, sai in ɗora kowane harsashi a ma'aunin 'yan zinari, ɗaya gefen kuma uwa, wato harsashin farko da anka yarda da shi na wannan bindiga. Wanda bai kai uwa ba akwai iska a cikinsa, ya koma wuta. Waɗanda sunka tsallake a shafa musu kakin zuma da kitsen ƙoda, a wanke kwanso, a duba bakinsa ko ya tsage, sannan a cika. Yadda ake cikawar ba zan gaya muku ba, kada ma ku tambaya.

Amma duk wannan ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce harbin fari. Duk zubin da ka yi wa mutum, kafin ya karɓa, kai za ka ɗauki bindigarsa a gabansa, ka sa harsashinka, ka kafa ta a kafaɗarka ka harba. In akwai mugun abu a aikinka ko a ƙarfen, fuskarka ce kusa. Baba Nomau ya ce min, "Wanda ba shi iya sa kuncinai ga aikinai, kada shi miƙa ma ɗan wani." Ban taɓa miƙa wa kowa harsashi ban yi harbin fari ba. Kai mai gwangwani, ka taɓa hawa ƙofar da ka yi wa walda ka yi lilo kafin ka ba mai ita?

A cikin masu zuwa wurina babu kamar Alhaji Labbo na Gidan Dahala. Falken shanu ne, sa'ana, tare munka yi makarantar allo, tare munka sha bulala. Bindigarsa ta gado ce daga mahaifinsa, Doguwa ake ce mata. Ban taɓa riƙe ƙarfe mai natsuwa irin nata ba. In Alhaji ya durƙusa da ita, sauran dattawa sai su fara neman wani allon, sun san wannan ya gama yawo. In ya fasa ya juyo yana dariya, ya ce, "Bahago, hannuna da dalmarka!" Rabin sunan da na yi a garin nan Doguwa ce ta yi min shi.

Sai shekarar da hanyoyin kasuwannin shanu sunka lalace ta zo. Yau an tare mota, gobe an kore garke, jibi an ɗauke mutum. Ƙarar bindiga a bayan gari ta daina zama wasa. Ko kana da takarda, a gan ka da doguwar aba a kafaɗa, kafin ka gama bayani ka sha mari. Dattawa sunka daina fita. Wasu sunka miƙa nasu ga hukuma don su zauna lafiya, wasu sunka ɓoye. Mazubai sunka yi ta rataye a bango gizo-gizo na saƙa a kansu, ni kuma na koma gyaran kwado da wasa wuƙaƙen mahauta. Mutanen da ke min kirari da, in sun hango ni sai su tsallaka titi, kada a ce sun san mai harsashi. Wannan ya ci min rai, har yau kuwa.

Anka ɗauki shekaru a haka. Wata safiya ina wasa wuƙa sai ga motar Alhaji Labbo. Ya fito, ɗansa Bello na biye da shi riƙe da wani abu naɗe cikin darduma. Bello a lokacin magidanci ne da 'ya'yansa, shi ya karɓi fataucin, shi ke bin motocin shanu zuwa kasuwannin ƙauye. Munka shiga ciki, Bello ya durƙusa ya gaishe ni, Alhaji ya warware dardumar. Doguwa ce, an goge ta da mai sai ƙyalli take.

"Zubi za ka yi muna," in ji Alhaji. "An tare Bello ga hanya, Allah ɗai ya hisshe shi. Ba ya ƙara tahiya hannu sake."

Na ce, "Alhaji, mai ci ɗaya? Gaban mutanen da tasu ke zuba awa ruwan sama?"

"Su ji ƙara su san motar ba ta mata ba ta. Kai dai yi aikinka."

Na ɗauke ta. Tun kafin in buɗe na ji wani wari da bai kamata ya fito daga bindiga ba, warin majema. Na buɗe, na ɗaga bututun sama ina leƙen rana ta ciki. Cikin da na sani sumul kamar madubi, ya koma kamar bangon da gara ta ci. Na rataye ta da zare, na ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma tun daga baki ina gangarowa. Tana amsawa, tana amsawa, da na zo daidai inda hannu ke tallabe ta sai muryar ta dushe.

Na ce, "Ina kunka aje ta?"

Alhaji ya gyara zama, da alfahari ma ya faɗa. Cikin fatar bijimi ya naɗe ta, sabuwa, wadda anka barbaɗe da gishiri sosai, ya ɗinke, ya tura cikin rufin ɗaki. Mutumin da ya tashi cikin fatu, a wurinsa duk abin da kake so ya daɗe gishiri kake ba shi. Gishirin ya kiyaye fatar tsaf. Damina bayan damina yana jan laima yana cin ƙarfen.

"Alhaji," na ce, "Doguwa ta mutu. A rataye ta ga bango, jikoki su gani."

Wallahi da zaginsa na yi da ya fi sauƙi. Ya miƙe tsaye. "Bindigar ubana ta mutu? Dubi yadda take walƙiya! Tsoro dai ya kama ka, Bahago. Wasa wuƙa ya kashe maka zuciya."

Na miƙa masa ita na ce ya leƙa da kansa. Ya leƙa, amma idon Alhaji a lokacin ko allon kafaɗar raƙumi ba zai gani ba, ya ce shi bai ga komai ba sai haske. Na ce to a ɗaure ta jikin bishiya, a sa igiya a kunamar, mu ja daga nesa. Ya ce Doguwa ba akuya ba ce da za a ɗaure ta ga icce, kuma duk wanda ya yi mata haka ba shi ba shi. Na juya wurin Bello, na ce ya ba ubansa haƙuri. Bello ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, in ba ka samun yi ba komi. Akwai wani mai walda unguwar Arkilla, ya ce shina yanka muna rodi daidai bakinta. Ya ce abu mai sauƙi na."

Kun ji ko? Abu mai sauƙi. Ɗan'uwanku ne, ban san sunansa ba, ban kuma son sani. Guntun rodi cikin bututun da gishiri ya cinye, kuma ba zai harba ba, zai naɗe a leda ya miƙa. Wanda zai fara ja Bello ne, a kan hanya, cikin firgita, kuncinsa manne da ƙarfen. Yaron da ni na je sunansa, na ci naman ragonsa.

Na ce su bar ta, zan zuba.

Matata Hajjo ta ji komai ta bayan labule. Da sunka tafi ta fito ta tsaya a kaina, ta ce, "Malam, ka ce ta mutu, kuma kai za ka harba ta?" Na ce haka sana'ar take. Ta ce, "Sana'ar da ta bar ka da wasa wuƙa? Ɗansu na, su ji da abinsu." Na tashi na shiga harhaɗa kayan zubi. Ta yi kwana da kwanaki tana ajiye min tuwo ba ta ce min ci kanka.

Ban taɓa zubi mai kyau irin wannan ba. Na sauko da mazubin Doguwa na wanke shi, na zaɓi dalma mafi laushi da nake da ita, kowane harsashi ya zauna daidai da uwa kamar tagwaye. Na cika yadda na saba cika mata tun muna da baƙin gashi, ban ƙara ko ƙwayar albarushi ba, ban rage ba. In na rage, ta ɗauka lafiya, na yi wa Bello ƙarya. In na ƙara, ni na kashe ta. So nake ƙarfen ya faɗi gaskiyarsa da kansa.

Da hantsi munka je kwazazzabon, mu uku. Ciyawa ta cinye wurin da dattawa ke zama. Bello ya kafa allon kafaɗa ya dawo. Na ce su ja baya sosai, Alhaji ya yi tsaki amma ya ja. Da yake ni bahago ne, a kafaɗar hagu nake kafa bindiga, hannun dama ke tallabe bututu. Na dube shi, hannun, na yi bisimilla, na kawar da fuskata gwargwadon yadda zan iya, na ja.

Ta tashi lafiya. Allon ya tarwatse.

Alhaji ya yi kabbara, ya jefar da sandarsa, yana dariya har da tari. "Ka gani? Ka gani, matsoraci? Ta mutu, in ji ka! Bello, amshi abinka."

Bello ya taho yana murmushi, ya miƙo hannu. Ni kuwa na ji abin da ba su ji ba. A tafin hannuna na ji ta, wani ɗan motsi kamar ƙashi ya goce. Ta ɗauki wannan, amma ba ta da sauran da yawa. In na miƙa ta yanzu, na sa mata hannu ke nan, duk garin za a ce Bahago ya harba ya ce lafiya lau.

Na ce, "Tsaya. Ban gamsu ba."

"Harbin hwari ɗaya na," in ji Alhaji. "Haka munka gada."

"Ta daɗe tana kwana. Sai na ƙara."

Na zare kwanso na sa wani. Niyyata in yi ta harbawa har harsashin ya ƙare ko ita ta ƙare, duk wanda ya riga. Alhaji na ta faɗa a bayana, wai ina ɓarnar dalma don kada a ce na yi kuskure. Na kafa ta, na ja.

Ban ji ƙara ba, wallahi. Na dai gan ni zaune a ƙasa, kunnena na kuka, bututun Doguwa ya buɗe kamar bawon ayaba. Na ɗaga hannun dama in share fuskata, sai na ga babu abin sharewar. Babban yatsa da biyu na kusa da shi sun tafi, sauran biyun suna reto. Bello ne ya cire rawaninsa ya ɗaure min, ya ciccibe ni zuwa mota yana salati. Ta tagar motar na hango Alhaji durƙushe, yana tsintar guntayen ƙarfe yana zubawa a aljihun riga.

A asibiti anka ɗinke abin da ya saura. Bello ya yi ta zirga-zirga, ban rasa komai ba, wannan ba zan ɓoye ba. Alhaji ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya. Kafin in fito, labari ya gama kasuwar shanu da mahauta: Doguwa ta ɗauki harbin fari lafiya, har ta fasa allo, Bahago ne ya matsa mata don taurin kai, wataƙila ma ya cika mata albarushi, tsufa ya kama shi. Wasu har gida sunka zo yi min jaje suna ba ni haƙuri a kan kuskurena. Ban yi musu da kowa ba. Wa zan kira shaida, gishiri?

Zubi hannu biyu yake so, ɗaya mazubi ɗaya ludayi. Daga ranar ban sake kunna kasko ba. Na koyi cin tuwo da cokali ina tsoho, kamar yaron goye. Bello bai ƙara neman bindiga ba, ya koma bin ayari in an samu rakiya, yana nan lafiyarsa ƙalau, kuna ganinsa yana wucewa nan da mota.

Da babbar Salla ta zagayo, na samu ɗan ragona na ɗaure. Munka sauko idi, na tsaya a kansa da wuƙa, sai lissafi ya ƙwace min. Tun ina saurayi, duk bahagoncina, yanka da dama nake yi, haka anka hore mu. Yanzu damar ba ta riƙe wuƙa. Hajjo na shirin aika a kira maƙwabci sai munka ji sallama. Bello ne, da wuƙarsa a kube, ba wanda ya kira shi. Ya ce, "Baba, kawo in kama maka." Na wakilta shi. Ya kayar da ragon, ya yanka, ya feɗe shi tas kafin rana ta yi zafi, aikin ɗan gado. Ina zaune bisa turmi ina kallon yatsunsa suna shiga tsakanin fata da nama, goma cif. Raina ya yi sanyi, ba zan yi ƙarya ba. Na ce a zuciyata, to, ko ba a faɗa ba yaron nan ya sani.

Ya gama, Hajjo ta kawo masa buta ya wanke hannu. Ya zo ya durƙusa gabana, ya sassauta murya.

"Baba, Alhaji ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya maka, albarkacin wagga rana, ya yahe maka bindigar. Ya ce kowa na kuskure. Ni ma na ce mishi ai ba da gangan ka yi ba."

Hajjo ta buɗe baki, na ɗaga mata ido ta rufe. Na ce ya gaida Alhaji, ya ce masa na gode.

Ya miƙe, ya miƙo min hannu mu yi sallama. Na miƙa masa nawa. Ya dubi abin da na miƙo, sai ya janye nasa a hankali ya sa a aljihu.